Gyaran da Na Yi wa Kujerar Baba Sale

Watannina na farko a Madina ko guduma ban riƙe ba. Ni da na baro Jalingo da sunan kafinta, wanda iyayen amare ke yi wa sintiri a shago, sai ga ni ina dakon katifu a wani sito da ke bayan Masallacin Ƙiblatain. Ejan ɗin da ya yi mini biza ya rantse cewa kamfanin na da wajen aikin katako mai injina iri-iri. Da na iso na tambayi shugaban ma'aikata ina wajen yake, sai ya nuna mini bayan babbar mota ya ce, "Yalla, ya Muhammad." A wajensa duk baƙo Muhammad ne. Sunana Hamisu, amma ban ga amfanin gyara masa ba.

Ina da wani hali tun ina yaron shago: ba na iya ganin abu a karkace in wuce. Ko baƙunci na je, idan ƙofar gidan na ƙara sai na nemi mai na ɗiga mata. Matata Rabi kan ce ranar da za a kai ni makwanci ma sai na duba ko ƙafafun makarar sun daidaita. A siton nan kuwa kullum ina ganin gadaje da kabad-kabad masu haɗin ganganci, in kira abokan aiki in nuna musu, su dube ni kamar na zautu. Dakon bai dame ni ba kamar yadda wannan ya dame ni, a ce duk faɗin garin ba wanda ya san hannuna na iya wani abu.

Daga nan albashi ya fara jinkiri. Kafil, wato mutumin da nake zaune a ƙasar da sunansa, ba shi da magana sai "bukra insha Allah", goben da ba ta zuwa. Iƙamata, katin izinin zama, ta ƙare bai sabunta ba. Wata safiya muka zo muka tarar da kwaɗo a ƙofar sito, wayarsa kuma a kashe. Wanda iƙamarsa ta mutu a ƙasar nan ya zama mai tafiya da waige. Ko motar 'yan sanda ta zo wucewa ne kawai, sai ka nemi lungu ka shige.

Ilu ne ya tsince ni, wani mutumin Maraɗi da ke wanke-wanke a gidan cin abinci a unguwar Bani Harisa. Ya matsa mini gefen tabarmarsa a ɗakin da suke haya shi da abokansa, yana kawo mini ragowar shinkafar Buhari a leda. Ranar farko na ce masa na ƙoshi, alhali cikina na ƙugi. Ya dangwara ledar a gabana.

"Ci, ka jiya? Nan ba a fulako da shinkafa, ɗan Najeriya."

Na ci, hawaye na ɗiga a ciki. Rabi ta riƙa cewa in turo mata hoton wajen aikina ta nuna wa yara. Na je gaban wani babban kantin kayan ɗaki na tsaya, Ilu ya ɗauke ni ina murmushi. Ta ce, "Masha Allah, duk kai ka yi waɗannan?" Na ce waya na katsewa.

Ranar wata Asabar na tafi Masallacin Ƙuba, don mutanen Madina na son yin nafila a can ran Asabar, ni kuma ba ni da wani wajen zuwa. Da na fito sai na ga wani tsoho baƙi dogo, da farar tob, doguwar rigar Larabawa, yana lalube da sanda a wajen ajiye takalma. Na zo wucewa ke nan na ji ya ce, a Hausa tsaf, "Ina kuma takalman nan suka shiga?" Na tsaya cak. Na duba idanunsa na ga sun yi fari fat. Na tambaye shi kalarsu, na nemo, na durƙusa na sa masa.

"Allah ya yi maka albarka, ya waladi. Kai ɗan ina ne?"

"Daga Najeriya nake, Baba. Jalingo."

"Ban san ta ba. Abuya, mahaifina, mutumin Haɗeja ne, da ƙafa ya zo. Ni nan aka haife ni, ban taɓa ganin bilad ɗin ba, ƙasar tamu. Riƙe ni mu je, jikana ya tafi neman mauƙif, ya manta da ni."

Kafin jikan ya dawo daga neman wajen ajiye motar, tsohon, Baba Sale sunansa, ya tatse labarina kaf. Ya ce, "La haula." Da saurayin ya iso, Nawaf sunansa, ɗalibi a jami'a, Baba ya ce masa da ni za a tafi. Nawaf na jin Hausa sarai, amma da Larabci yake amsawa. Ya dube ni sama da ƙasa, ya buɗe mini ƙofar baya.

Gidansu na nan cikin Ƙuba, kusa da ragowar gonakin dabino na da. 'Yar Baba, Hajiya Zainab, wadda kowa ke kira Ummu Nawaf, ita ke riƙe da gidan tun rasuwar mijinta. Ba ta yi murna da ganina ba, kuma ban ga laifinta ba. Ta bayan labule ta ce, "Abuya, mutum ba iƙama, ka san mushkila ce." Baba ya ce a ba ni ɗakin tsakar gida, in riƙa kai shi masallaci. Suna da ɗan shagon dabino da sunansa. Ya ce tunda kafilina ya gudu, doka ta ba da dama a mayar da kafalata kan shagon. Hajiya ta ce to, amma sai ta ga kamun ludayina zuwa azumi. Idan ta gamsu a yi, idan ba ta gamsu ba in kama gabana. Kama gabana kuwa na nufin in miƙa kaina a mayar da ni gida da kayan jikina.

Na duƙufa. Na gyara ƙofar banɗaki, na ɗaure kantar kicin, na daidaita wata taga da ta shekara ba ta rufuwa. Hajiya ta fara aiko mini da shayi mai na'ana'a. Baba kuwa ba ya kirana da suna, sai dai "ɗan ƙasarmu". Ya sa in yi ta ba shi labarin damina, ya ce in faɗa masa yadda ƙasa ke ƙamshi idan ruwan fari ya sauka. In ina faɗa, ni ne nake ƙarewa da sharar ido.

A majalisin gidan, wato falon baƙi, akwai kujeru na zamani masu ruwan gwal da labule har ƙasa. A kusurwa kuma ga wata kujerar katako ita kaɗai, ba katifa ba soso. Bayanta a lanƙwashe yake, ya zagayo ya zama hannuwa, an yi mata 'yar sassaƙa a majingina, a ƙasa kuma akwai sandar ɗora ƙafa da ta cinye a tsakiya. Launinta ya yi duhu, ja ne da ya koma baƙi-baƙi. A nan Baba ke wuni. Idan na zaunar da shi sai kujerar ta ɗan yi ƙara ta motsa, ni kuma in ji abin har cikin haƙorina. Na leƙa ƙarƙashinta na ga ko ƙusa ɗaya babu, katako ne kawai aka cusa cikin katako. A hannun dama kuma, wajen ƙarshe, akwai wani ɗan gurbi da ya lotsa ya yi baƙi ƙirin, wanda na ɗauka dattin shekaru ne.

Na tambayi Nawaf daga ina kujerar take. Idonsa na kan waya ya ce, "Minas Sin. Gadim marra." Daga ƙasar Sin, tsohuwa ƙwarai.

To a nan ne kaina ya kulle. A wajenmu idan aka ce abu ɗan Chana ne, an gama zaginsa. Kwaɗon Chana, tocilan Chana, hinjin Chana da ke karyewa kafin amarya ta yi wata. Ga Chana, ga tsufa, ga rashin ƙusa. Na ce a raina lallai mutanen nan ba su kyauta ba: sun sayi kujerun gwal don baƙi, sun bar tsoho makaho a kan tarkace don ba ya gani. Kuma a garinmu ba a shiga azumi da sallah da tsohon abu. Ana fenti, ana shafe, ana fito da komai fes. Tsohon kaya a falo abin kunyar mai gida ne, kafintan da ke gidan kuwa kunyarsa ta fi.

Ana saura kwanaki azumi suka tafi Makka yin umara, suka bar mini gida da makulli. Hajiya ta ce in sun dawo za ta sa Nawaf ya shigar da batun kafalar. Na ga ga dama ta samu da zan saka wa tsohon nan, in kuma nuna wa Hajiya irin mutumin da za ta ɗauka.

Na fitar da kujerar tsakar gida. Nauyinta ya ba ni mamaki, sai da na yi nishi. Ta hannun Ilu na aro injin goge katako da na huda daga wani kafinta Bapakistane, na sayo samfefa da ƙusoshi da gam da gwangwanin banish, ruwan nan da ke sa katako sheƙi. Ilu ya zo ya tsaya yana kallo.

"Kai, sun ce ka taɓa ta?"

"Sai an ce? Bazata zan yi musu."

"Ni dai abin tsohon mutum tsoro shika ban."

Na ce masa ya tsaya a wanke-wankensa, wannan fagen ba nasa ba ne.

Katakon ya yi iya ƙoƙarinsa ya gargaɗe ni. Ƙusa ta farko ta tanƙware, ta biyu ma haka. Tunda nake ban taɓa ganin kayan Chana ya tanƙwara ƙusa ba, ya kamata in tsaya in yi tunani. Maimakon haka sai na ji an taɓa mini girma, na ɗauko injin huda na huda, na ɗura gam, na buga. Da na sa samfefa, gari ja ya tashi, wani ƙamshi mai daɗi ya cika tsakar gidan, ɗan'uwan ƙamshin madobiya amma ya fi shi sanyi. Na tuna shekarun da manyan motoci ke kwasar madobiya daga dazukan Taraba ana cewa ƙasar Sin za a kai. Har na yi dariya ni kaɗai, na ce ashe ɗan garinmu ne ya riga ni fitowa. Baƙin ya tafi, ga wani katako mai zane kamar ruwa na gudu. Na zo kan gurbin nan na hannun dama, ya ƙi fita. Na ci shi, na ci gefensa, na yi ta ci har hannun ya daidaita da ɗan'uwansa. Sandar ƙafa ma na miƙar da ita. Na shafa banish na bari ya bushe, na ƙara, na ƙara. Kujera ta fito tana ɗaukar ido, ka girgiza ta ko motsi. Na ɗauki hotonta na tura wa Rabi. Karon farko ke nan da na tura mata aikin da ni na yi da gaske.

Da la'asar suka dawo. Na sa wankakkiyar riga, na tare su a ƙofa, na karɓi hannun Baba. Bakina bai iya jira ba.

"Baba, albishirinka. Na gyara maka kujerarka. Ta dawo sabuwa fil!"

Nawaf ne ya fara shiga majalisin. Na ji ya ce, "Ya ummi!" da wata murya da ban taɓa ji ba. Hajiya ta shigo, ta manta da labule ta manta da ni, ta dafe kai. Ni har lokacin ina murmushi, na ɗauka mamakin kyau ne.

 Baba ya saki hannuna, ya taka zuwa kusurwar da ƙafarsa ta sani, ya juya ya zauna. Kujerar ba ta yi ƙara ba. Ya ɗan tsaya kamar mai sauraro. Ya ɗora ƙafa a sandar ƙasa, ya janye. Sai ya ɗora hannuwa, babban yatsansa na dama ya tafi kai tsaye wajen da gurbin yake. Ya shafa. Ya matsa gaba kaɗan, ya dawo baya, ya zagaya ƙasan hannun, ya sake dawowa. Duk muna tsaye muna kallon yatsan nan yana nema.

"Wannan ba kursina ba ne," in ji shi a hankali.

"Shi ne, Abuya," Hajiya ta ce. Ta juyo kaina. "Haram alaik! Wa ya sa ka? Wa ya ce maka ta lalace?"

Nawaf ya durƙusa yana taɓa kawunan ƙusoshin, yana zuba Larabci. Abin da na tsinta shi ne, masu sayen kayan tarihi sun sha zuwa daga Jidda suna roƙo a sayar musu Baba na ƙi, kuma irin wannan aikin da gangan ake yin sa ba ƙusa, ya saki lokacin zafi ya kama lokacin sanyi. Wai baƙin da na kankare shi ne darajarta. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na ji rigar da na sa ta yi mini nauyi, na rasa inda zan ajiye hannuwana. Baba ya miƙe ya ce a kai shi ɗaki, ya gaji. Nawaf ya miƙa wa hannu, ba ni ba.

Washegari na haɗa jakata. Na kira Ilu, ya ce in sulale kawai, tabarmarsa na nan. Na ce ba zan ci abincin mutum in fita ba sallama ba. Na sami Baba a ɗakinsa zaune a bakin gado, Hajiya na tsaye a ƙofa. Na durƙusa na ce na zo neman gafara, zan tafi.

"Zauna, ɗan ƙasarmu," ya ce. "Ban taɓa ba ka labarin kursin ba, ko? Laifina ne, na ɗauka abin da ke gaban mai ido ba ya buƙatar bayani."

Ya ce da mahaifinsa ya iso Madina ba shi da kowa, wani alhaji Basine mai sayar da shayi da magunguna ne ya ɗauke shi aiki. Mutumin ya baro ƙasarsa da niyyar ya mutu a Madina, bai ɗauko komai mai nauyi ba sai kujerar kakansa, a jirgin ruwa. Bai haihu ba. Da zai rasu ya bar wa yaronsa Bahaushe kujerar.

"Shi Basinen, in yana zikiri, da yatsa yake murza wajen nan. Ya ce haka ya ga kakansa na yi. Abuya ya gada, ya yi ta murzawa har ya bar duniya. Ni da idona ya tafi, na manta fuskar Abuya, wallahi na manta. Amma in na zauna na sa yatsana a gurbin, sai in ce, assalamu alaika ya Abuya. Kullum da safe a nan muke gaisawa."

Hajiya ta juya baya tana share fuska da mayafi. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Kuma don a san halin mutum ba ya barinsa, a cikin wannan yanayin ma sai da kafintan da ke cikina ya yi magana.

"Baba, na tuna wajen sarai. Zan kankare banish ɗin, in sassaƙa maka gurbin daidai yadda yake, ba za ka gane bambanci ba."

Ya yi ɗan murmushi, ya juyo da fararen idanunsa wajena.

"In ka sassaƙa, da wa zan riƙa gaisawa? Da kai?"



Ya kira Hajiya ya tambaye ta ko an shigar da batun kafalar. Ta ce, "Abuya, bayan abin da ya yi?" Ya ce, "Halas, ya binti. Mutumin da ya kwana uku yana wahala don in ji daɗi, ba zan miƙa shi ga tarhil ba. A yi yau." Tarhil shi ne inda ake tara waɗanda za a kora gida. Nawaf ya shigar, bai dube ni ba. Kafin sallah sabuwar iƙama ta fito. Na kira Rabi na faɗa mata, ta yi ta guɗa a waya, ta ce ta nuna wa duk maƙwabta hoton kujerar, kowa na cewa hannuna sai dai Allah ya ƙara basira. Na ce mata ta goge hoton. Ta tambayi dalili, na ce waya na katsewa.

Ina nan gidan har yanzu. Da rana ina shagon dabino, ina aika wa iyalina abin da ya sawwaƙa, yarana na makaranta. Hajiya ta koma aiko mini da shayi, sai dai in ƙofa ta lalace Bapakistanen nan take kira. Baba bai sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya, bai kuma yarda a taɓa kujerar ba, ko banish ɗin bai bari a cire ba. Da ya zage ni ko ya kore ni, ina jin da tuni abin ya wuce mini.

Ni ne mai zaunar da shi kowace safiya in mun dawo daga masallaci. Yakan gyara zama, ya jingina sandarsa, ya ɗora hannuwa. Yatsan nan ya tafi wajensa, ya shafa, ya matsa gaba, ya dawo baya. Leɓɓansa su buɗe kamar zai yi sallama, sai ya rufe su. Ni ina tsaye a gefe da iƙamata a aljihu, ina kallo.

"Ɗan ƙasarmu," sai ya ce, "kawo mini shayi."